Yadda Gazala Ta Kama Zomon Tsumma

Ranar da na zauna ba da labarin nan a tsakar gidana a Gumel, bayan la'asar, ga waɗanda ke wurin: Hajiya Talatu maƙwabciyata, wadda ta fi kowa damuna da tambaya, Ladi mai kitso, da ta zo da tsinkenta ta manta abin da ya kawo ta, Delu, aminiyata tun muna amare, sai Yaya Asabe, yayar marigayi maigidana, wadda aka ɗauko a keke don ta ce da kunnenta take son ji. 'Yata Hadiza ce ke riƙe da biro, don ni ban taɓa shiga aji ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Na san abin da ya tara ku, kuma ba idona ba ne. Hoton nan ne da ya zaga wayoyi: ni Kulu, da hijabina da baƙin tabarau, a tsakiyar rairayi, riƙe da igiyar kare. Wasu sun ce haɗi ne irin na yaran zamani. Ba haɗi ba ne, ni ce. Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Yanar ido ce ta rufe mini na hagu. Babban ɗana ya ce Masar za a kai ni, tunda autana Nuhu yana can shekara uku yana karatun addini, kuma lokacin hutunsu ne. Aka haɗa ni da wata 'yar kasuwa mai saro abaya. Tun a Gujungu tayar motarmu ta fashe, muka tsaya a rana direba yana neman aron jak, har na fara cewa ko Allah bai nufa ba. Muka dai kai Kano a kan lokaci. Jirgi kuwa ba abin da zan ce da shi sai bayan gidansa: na danna wani abu, ya yi wata irin zuƙa da na ɗauka da ni zai tafi. Ban sake shan ruwa ba har muka sauka.

A filin jirgin Alƙahira aka jera mu, aka duba fasfo, aka duba fuska. Muna jiran kaya sai ga wani ma'aikaci da ƙaton kare yana bin jakunkuna yana shinshinawa. Matan da ke tare da ni suka watse da salati. Karen ya zo kan jakata ya toge, don akwai daddawa da kuka da kilishin da na kawo wa Auta. Ban san lokacin da na yi masa wani ɗan sauti da harshena ba. Ya ɗago ya dube ni, ya zauna. Na ce a raina wannan an ɓata shi da ci, sannan na waiga in ga ko wani ya lura da abin da na yi. Ba wanda ya lura. Ma'aikatan suka buɗe ƙullin daddawa, suka rufe da sauri, ɗayansu yana fifita hanci yana cewa, "Yalla, ya Hagga, yalla!" wai Hajiya in yi gaba. Kilishin dai bai tsallake ba.

Auta ya tarye ni. Ya rame, ya yi duhu, irin duhun wanda ke yini a rana, ba na mai zama da littafi ba. Na gani da ido ɗayan, na ajiye a raina.

Unguwarsu Madinat Nasar ake ce mata. Gidaje ne a kan gidaje, su Auta suna hawa na shida. Akwai wani akwati da ke ɗaukar mutum zuwa sama. Na shiga sau ɗaya, na ce ƙafar da Allah ya ba ni ba ta gaza ba tukuna. Da yake ɗakinsu na samari ne, aka sauke ni a ƙofar da ke kallon tasu, wurin Hajja Batul, Bahaushiyar Sudan. Kakanninta a ƙafa suka bar ƙasarmu za su hajji, suka zauna a hanya. Hausarta irin ta tsofaffin da ce, tana yi tana sirkawa da Larabci. Ba ta sauka sayen cefane: kwando take zurowa da igiya ta taga, ta ƙwala wa mai kanti kira, ya zuba mata, ta janyo. Na ce da a Gumel ne, kafin kwandon ya kai rabi wani ya ɗanɗana.

Abincinsu, da safe wake ne da aka dafa har ya manta shi wake ne, a ci da gurasa. Akwai koshari: shinkafa da taliya da wake da albasa a kwano ɗaya, kamar an share madafa. Ran da Hajja Batul ta ce za ta yi mini miyar sarakuna, mulukiya, ta yini tana zuzuta ta, aka kawo na sa baki. Na ce, "Batul, wannan ai lalo ne. A bayan ɗakina yake fitowa, awaki ma sai sun ga dama." Ta yi dariya har da hawaye. Na jefa mata daddawa a ciki, ta ce haka kakarta take yi, ta daina dariya.

Mutanen garin kuwa in suna gaisawa sai ki ce faɗa ne. Amma abu ɗaya ya burge ni: a ƙaramar bas, kuɗin mota daga hannu zuwa hannu yake tafiya har ya kai ga direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi, ba wanda ya taɓa. Na sa ido sosai ko zan kama wani. Ban kama ba.

A wata unguwa Dokki aka yi mini aikin ido. Bayan kwana biyu aka cire bandeji, likita ya ba ni baƙin tabarau, ya ce in kiyayi ƙura. Duniya ta wanke tas. Abu na farko da sabon idona ya gani shi ne ƙafar wandon Auta: gashi gajere, launin ƙasa, birjik daga gwiwa zuwa ƙasa. Dama hancina ya riga ya faɗa mini tun a filin jirgi.

Na bari muka koma gida. Na zaunar da shi a gaban abokin ɗakinsa Kabiru, ɗan Zariya.

"Auta, karen wa kake kiwo?"

"Kare kuma, Inna?"

"Idon da aka gyara mini shekaranjiya kake son ka ce bai gyaru ba?"

Ya sunkuyar da kai. Kabiru ya gyara murya. "Ai Mama, in aka duba mas'alar a mazhabarmu ta Malikiyya, shi kalbus-saidi, wato karen farauta..."

"Kai, na tambaye ka?"

"A'a, Mama."

"To riƙe mas'alarka, za ta yi maka amfani a jarrabawa."

Sai Auta ya faɗi gaskiya. Akwai wani dattijo, Ammu Sabir, a bakin sahara ta hanyar Fayyum, yana kiwon dogayen karnukan nan masu siririn ciki da ake sa su tsere, salugi suke ce musu. Wata rana sun je yawon buɗe ido ya gan su, ƙafarsa ta ƙi tafiya. Tun daga nan duk ranar da ba karatu yana can, yana horar da ƙananan da za a fara saki a fili. Ya ɗauko takardun jarrabawarsa, Hajja Batul ta karanta mini, ta ce bai faɗi ko ɗaya ba.

"Wallahi, Inna, ban san daga ina abin ya zo mini ba," in ji shi. "Tun ina yaro in na ga kare sai in ji kamar na san abin da yake tunani."

Shi bai sani ba. Ni na sani.

Yaya Asabe, ke ma kin sani, tunda ke kika raɗa mini sunan. Babana mafarauci ne, a ƙauyenmu arewa da Maigatari. Ba shi da ɗa namiji, ni ce mai kwana da 'yan kwikwiyo, ni ce mai ba su kunu. Da aka kawo ni gidan malamai ina yarinya, ranar buɗar kai kika ce a wanke tabarmar da 'yar masu karnuka ta zauna. Wasa kika yi, na sani, amma sunan ya bi ni shekara da shekaru. Na rantse 'ya'yana ba za su ji labarin nan ba. Ran da Auta yana ɗan shekara bakwai ya shigo da kwikwiyo a cikin riga, na yi masa dukan da har yau ina jin sa a hannuna. Ba sai kin rufe fuska ba, Yaya, ya wuce. Hadiza, ke kuma daina kallona, rubuta.

Na ce da Auta, "Ɗaya cikin biyu. Ka bar karnukan nan, ko ka haɗa kayanka ka bi ni gida."

Ya kakkaɓe gashin da ke ƙafar wandonsa. Sannan ya ce, "Na bari, Inna. Amma ki ba ni zuwa Asabar."

Akwai wata 'yar karya, Gazala, wata goma sha huɗu da haihuwa, shi ya raine ta tun idonta bai buɗe ba. Sau uku ana gwada ta tana tsayawa a tsakiyar fili. Ammu Sabir ya ce Asabar ce ta ƙarshe: in ba ta kai ƙarshen fili ba, zai ba wani mai gona ita ya ɗaure a bakin ƙofa tana gadi. Ku ba ku san irin karnukan nan ba. In aka sa musu sarƙa ba sa shekara.

Na ce, "Zuwa Asabar. Kuma ƙafata ƙafarka, kada a ce mini wani abu ya taso."

Ranar Talata bayan asuba muka fita. Bas, jirgin ƙasa mai bin ƙarƙashin ƙasa, wata bas, sannan keke mai ƙafa uku da ya kusa zubar da ni a kwata. Gari ya ƙare kamar an yanka shi da wuƙa, sai rairayi. Ammu Sabir dogo ne, baƙin rawani, haƙoran gaba babu. Ya dafa ƙirji ya yi ta jero gaisuwa, ya kawo shayi mai sukarin da cokali zai tsaya a ciki. Na zauna nesa a kan tabarma, na ce ni kallo kawai na zo.

Aka fito da karnukan. Jama'a! Irin na babana ne sak, waɗanda yake samowa wurin Buzaye, sai dai waɗannan kunnuwansu da gashi. Gazala launin ƙasa ce, ƙirji mai zurfi, ƙafar baya kamar an zana. Ban taɓa ta ba, amma daga inda nake na san duk garken ba kamarta.

Ga yadda suke yi. A cusa tsumma a fatar zomo, a ɗaura a doguwar igiya a bayan a-kori-kura. Mota ta ja, a saki karnuka su bi. Can nesa an kafa tuta biyu, nan ne ƙarshe. Da an kai, direba ya janye zomon ya jefa cikin mota, a ajiye don gobe.

Aka saki Gazala da wasu ƙanana biyu. Ta fita kamar an harba ta, ta ba su rata mai yawa. Tana kaiwa rabi sai ta rage gudu, ta tsaya, ta bi motar da kallo, ta zauna. Sauran suka wuce ta. Ammu Sabir ya tafa hannu ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Auta ya tafi ya durƙusa kusa da ita yana shafa mata wuya.

Na yi niyyar yin shiru, Allah ya sani. Na ciji bakin hijabina. Sai na ji bakina yana cewa, "Auta! Zo nan. Tun da aka fara sakin ta, ta taɓa kama abin nan?"

"A'a, Inna. Ba a bari su kama, yaga shi za su yi."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To faɗa wa tsohon nan, ba gudu ta kasa ba. Lissafi ta yi. Ta gane abin ba ya kamuwa, ta ce ba da ita ba. Waɗancan biyun wawaye ne, za su bi mota har Makka. Wannan tana da hankali, ku ne ba ku da shi."

"Inna, ba zan iya ce masa haka ba."

"Faɗa masa yadda na faɗa."

Ban san abin da ya fassara ba, amma Ammu Sabir ya ajiye kofinsa ya matso.

Na ce babana bai taɓa sakin ƙaramin kare a kan abin da ba zai kama ba. Sai uwar ta gajiyar da zomo, ya riƙe ta, ya saki ɗan ya ƙarasa. Yana kamawa, nan take a wurin zai farke zomon ya ba shi hanta da ɗuminta, daga tafin hannunsa, yana kiran sunansa. Sau uku ake yi, kowane ya fi na baya nisa. Bayan nan ko ya kuskure goma a jere ba zai daina gudu ba, don bakinsa ya san akwai abu a ƙarshen gudun.

Auta ya tsaya da baki buɗe. "Babanki, Inna? Kaka?"

"Fassara aka sa ka."

Ya fassara. Dattijon ya murza gemu. Sannan ya bugi goshinsa ya yi wata doguwar magana. Auta ya ce wai kakansa ma haka yake yi a kan raƙumi, kafin mota ta zo. Shi ne ya manta. Ya dube ni ya ce, "Tamam, ya Hagga," wato daidai ne, Hajiya.

Laraba muka biya wurin mahauci, aka yanko hanta sabuwa, na sa a kular abincin Hajja Batul, ban faɗa mata na mene ne ba. Na hana a ba Gazala komai tun daren Talata. Faɗan da na sha da direban motar nan, wani mai gashin baki, ba a magana. Na ce ya tafi a hankali, taku ɗari ya saki igiya. Ya ce shi ba a koya masa aikinsa. Na shiga gaban motar na zauna kusa da shi. Da muka kai inda nake so na daki allon motar da tafi, ya taka birki don tsoro. Gazala ta dira kan zomon, ta girgiza shi, tsumma ya tashi sama. Ta tsaya da shi a baki tana waige-waige, kamar ba ta yarda ba.

Na sauko da kula. Na miƙa wa Auta. "Kai za ka ba ta. A hannu. Kira sunanta."

Ya ba ta. Ta cinye, ta lashe masa yatsu, ta zo ta sa dogon hancinta a tafin hannuna. Shekara arba'in da wani abu rabona da wannan sanyin hancin. Na ce ƙura ce ta shiga mini ido, dama likita ya faɗa.

Alhamis muka ninka nisan. Juma'a da sassafe muka sake ta tare da uwarta, aka riƙe uwar daf da ƙarshe, ta kama a kusa da tuta. Fatun zomo uku muka yaga. Ammu Sabir yana ɗinke su yana mita yana dariya.

Asabar mutane suka taru, motoci sun kai goma, kowa da ƙananan karnukansa da za a gwada. Shida aka jera. Auta zai tsaya can wurin tuta da kula, don haka aka rasa mai riƙe Gazala a wurin saki. Ammu Sabir ya miƙo mini igiyar. Nan ne Kabiru, da ya biyo mu kallo, ya ɗauki hoton da ya hana ku barci.

Ina jin zuciyarta tana bugawa a gwiwata. Na sunkuya na yi mata sautin nan na harshe. Mota ta ja, aka yi ihu, na saki.

Ta fita ta uku. Da suka kai rabi, daidai inda take zama, na ga ta ɗago kai, ta rage. Na ce shi ke nan. Ban san sanda na cire tabarau na ƙwala mata kirarin da babana ke yi wa karyarsa ba, da muryar da ban san ina da ita ba har yanzu. Ko ta ji ko ba ta ji ba, oho. Ta dai kwantar da kai, ta miƙe, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Ta wuce ɗaya. Wani baƙin kare ya riga ta shiga tsakanin tutoci, ita ta biyo shi. Ta biyu. Direban nan mai gashin baki, ba wanda ya sa shi, ya saki igiyar daidai gabanta, ta dira kan zomonta.

Na rangaɗa guɗa. Larabawa suka juyo suna tafi, wai ashe mu ma muna yi. Ammu Sabir ya zo yana cewa ba mai gonar da zai ga ko jelarta.

Da aka watse, Auta ya wanke mata ƙafafu, ya duba tsakanin yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Ba wanda ya koya masa. Haka babana yake yi. Sannan ya naɗe igiyar, ya kai wa Ammu Sabir da hannu biyu, suka rungume juna. Ya dawo ya durƙusa a gabana.

"Inna, Asabar ta yi. Na cika alkawari."

Na ce, "Na gani." Muka kama hanyar gida.

Washegari da na idar da sallar asuba, na ɗauki kular Hajja Batul, na sauka hawa shidan nan ni kaɗai. Na sami mahaucin kan kwana yana buɗewa. Ba ni da Larabci, sai na nuna masa gefen cikina, ya yi dariya ya ce, "Kibda!" ya yanko mini hanta. Na sake hawowa, ina hutawa a kowane bene. Na buga ƙofar samarin. Auta ya buɗe da littafi a hannu, idanunsa jajur.

Na ce, "Sa takalmi. Na ga ƙannen Gazala biyu da ba a fara saki ba. In aka bar su a hannun mai gashin bakin nan, zai ɓata su kafin wata ya ƙare."

Ya dubi kular, ya dubi littafin da ke hannunsa.

"Littafin ma taho da shi, ka karanta a mota. Ranar da ka faɗi jarrabawa, ranar zan zo da kaina in ɗaure ka a ƙofar mai gonar." Na miƙa masa kular. "Riƙe da kyau, kada ta huce. Sunan kakanka Ɗan'azumi. Karnukansa tara ne. Mu je, a hanya zan faɗa maka sunayensu."